Wata Uku Muna Kiwon Inna

Shekarun baya, ina 'yar shekara goma sha uku, na yi wani shiru da ya ƙara wa mahaifiyata kilo goma sha ɗaya. Na daɗe ina son ba ku labarin, amma sai da na nemi izininta tukuna. Ta ce in rubuta, da sharaɗin kada in faɗi nauyinta na farko. To, ba zan faɗa ba.

A unguwar Adjamé ta birnin Abidjan aka haife ni, a wani gidan haya mai ɗaki tara da famfo ɗaya a tsakar gida. Iyayena daga Nijar suka zo. Mahaifina goro yake saye yana aikawa arewa, rabin wata yana gida, rabin wata yana hanya. Mahaifiyata, da muke kira Inna, tana da rumfar atamfa a kasuwar Treichville. Ni kuwa ban da zuwa lakwal, wato makaranta, ba ni da sana'a sai kallo. Ina iya gaya muku silifas ɗin wa ya fi cinyewa ta gefen hagu a gidanmu, amma in baƙo ya tambaye ni sunana sai in tsaya ina nazarin yatsun ƙafata.

Inna ta yi ciwon dajin nono. Aka cire mata na hagu, ta sha maganin nan da ake ƙarawa ta jijiya mai zubar da gashi, ta rame, ta tashi. Bayan shekara biyu likitoci suka ce ba su ƙara ganin komai ba. Gashinta ya dawo, har ya fi na da laushi. Kowa ya yi hamdala. Sai dai gefen hagun nan yana nan a shafe, kuma Inna mace ce da duk yininta hannu a sama yake, tana sauko da turmin atamfa tana mayarwa a gaban mutane.

Don haka ta ɗinka wata 'yar jaka da guntun atamfa, tana sakawa cikin rigar nono. Da farko auduga ta cusa, amma auduga ba ta da nauyi, kafin azahar ta hauro mata har wuya. Ta gwada wake, ta ce yana ƙara in tana sauri, kamar mai rawa da caki. Gero ne ya zauna daram. Geron da ake aiko mana daga gida don fura. Ni ke aunawa: gwangwanin tumatir biyu da rabi.

Wata damina ruwa ya dake ta kwana biyu a jere tsakanin tasha da kasuwa. Ta rataye jakar a bayan ƙofa, amma duk wanda ya zauna Abidjan ya san a watan shida ba abin da ke bushewa. Ran na huɗu ta ce mini wani abu yana tsikarar ta. Muka ciro jakar. Geron ya tsiro. Fararen saiwoyi sun huda atamfar ta kowane gefe. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce, “Ƙasar nan da albarka take. Ko a ƙirji ka shuka sai ya fito.”

Abin da ya biyo baya ne ba ta yi wa dariya ba. Wata rana a rumfa ta miƙa hannu za ta sauko da atamfa, ɗinkin jakar ya ɓalle. Geron ya zubo ta ƙasan rigarta, shaaa, ya taru a kan ƙafafunta, masu ciniki uku suna tsaye. Ɗaya ta dubi geron, ta dubi ƙirjin Inna, ta ce mata “yako”, sannun da ake yi wa wanda abu ya sama. Daga ranar Inna ta bar rumfar a hannun maƙwabciyarta ta kasuwa. Ta koma yawo da wani babban mayafi ruwan toka ko a cikin ɗaki. Na kuma lura ta rataya tawul a kan madubin jikin kwaba, kuma tawul ɗin ba jiƙaƙƙe ba ne.

Likitan da ke duba ta ne ya ce akwai aikin da ake yi a sake gina wurin, ya haɗa ta da wata likitar tiyata a wani asibiti a Treichville. Mahaifina bai taɓa kiran abin da sunansa ba, “aikin nan” yake cewa. Ya je ya tambayi malamin masallacinmu, ya dawo ya faɗa wa rediyonsa, mu muna ji, cewa malam ya ce gyara abin da cuta ta ɓata magani ne. Washegari ya bi motar goro.

Saura mai rakiya. Ni dai dole in je, don ni ce tafinta. Faransancina ya fi Hausata ƙwari a lokacin, Inna kuma da ta ga farar riga sai bakinta ya mutu. Ta ukunmu ita ce gwaggona, yayar mahaifina, mai ɗakin bakin ƙofa. Gwaggo ba ta jin Faransanci sai ƙidaya da zagi. Sana'arta kiwo. Duk shekara tana ɗaure raguna biyu a bayan banɗaki ta kiwata su don layya, har daga wasu unguwanni ake zuwa kallonsu. In ta yi magana a bakin ƙofa, na ɗaki na tara yana amsawa.

Likitar 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau da igiya a wuya, murfin bironta duk tabon haƙori. Ta zana mutum a takarda, ta yi bayani a hankali. Za a yanko fata da kitse daga ƙasan cibiyar Inna, tare da jijiyoyin jininsu, a kai su ƙirji a daidaita su da na dama. Cikin kuma a ɗinke shi da layi ɗaya daga ƙugu zuwa ƙugu. Ta kama marar Inna da yatsu ta ce abin da ke nan ya isa.

Na fassara, ina kallon zanen don kada in kalli kowa.

Gwaggo ta ce, “Tsaya. Daga cikinta za a yanko?”

Na ce e.

“Wannan cikin?” Ta ɗage mayafin Inna ta leƙa. “Me za a samu a nan? Ko miyar mutum biyu ba zai yi ba.”

“Ta ce ya isa, Gwaggo.”

“Kara ce take yi mana. 'Yan boko ba sa gaya maka ka rame.”

Daga nan Gwaggo ta shiga ba Inna labarin wani rago da ta saya ƙashi da fata ta mayar da shi abin kallo. Tana cikin labarin likitar ta ci gaba da nata. Ta ce aiki nan da wata uku. Ta ce sukarin jinin Inna yana bakin iyaka, don haka kada ta ƙara ƙiba ko kaɗan, ta rage zaƙi da mai, ta riƙa tafiya da ƙafa kullum. Ta rubuta duka a takarda ta miƙo mini.

Na buɗe baki na ce, “Gwaggo, ta ce kuma…”

“Na ji abin da ta ce. Nama take so.”

Na rufe bakina. Na ninke takardar na sa a tsakiyar littafin lissafina. Abin da na gani a lokacin, ban gane shi ba sai daga baya: Inna tana kallon ƙasa, ta nannaɗe bakin mayafinta a ɗan yatsa har kan yatsan ya yi fari.

A mota Gwaggo ta kammala shirinta. Ta ce wa Inna, “Ke mai atamfa ce. Kin taɓa kai wa tela yadi cif-cif? Da rara ake kai masa, ya yanka ya zubar da saura. In matar nan ta buɗe ta tarar bai kai ba, wa za ta ara wa? Ni?”

Inna ta ce, “Haka ne, Yaya.”

Kiwo ya fara washegari. Da safe kunu da madarar gwangwani da fanke. Da hantsi fura, sukari cokali huɗu. Da rana a aika a sayo garba, wato acake, dambun rogon nan, da soyayyen kifi, Gwaggo ta ce a ƙara mai. Da la'asar maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Jula, da ta ji labari, ta riƙa kawo aloko, soyayyiyar ayaba, da zafinsa don ita ma ta samu lada. Bayan magariba tuwo da man shanu. Aka hana Inna shara, aka hana ta wanki, ko bokiti ba ta ɗauka. Gwaggo ta ce ita ba ta barin ragonta yawo, yawo ke cinye kitse.

Ranar Juma'a ake awo. Gwaggo tana farawa da raguna: ta kama bayansu kusa da wutsiya da babban yatsa da manuni, ta matsa, ta lumshe ido. Sannan ta wanke hannu, wani lokacin, ta shigo ɗakinmu ta yi wa marar Inna kamu iri ɗaya, har da lumshe idon. Ni ke riƙe igiyar awon tela.

“Farin ragon ya fi ki ƙoƙari satin nan,” in ji ta.

“Shi ai ba ya azumin Litinin, Yaya.”

“Ke ma kin daina daga yau.”

Kada ku ce ban yi yunƙuri ba. Na yi. Nakan tsaya a bakin famfo in tsara maganar a zuci, da Faransanci tukuna, sannan in juya ta Hausa, in tafi ƙofar Gwaggo da littafin lissafi a hammata. Ta ɗago ta ce, “Me?” Ni kuma sai in ji bakina ya ce, “Inna ta ce ki ara mata ludayi.” Sau huɗu ina zuwa. Ludayin Gwaggo huɗu suka taru a ɗakinmu, Inna tana mamakin inda suke fitowa.

Kullum kuma maganar ƙara nauyi take. Abin da za ka faɗa ran farko a ce ka yi mantuwa, in ya kai sati uku sai a tambaye ka inda kake duk kwanakin nan. Amma akwai wani dalili da ya fi wannan, gara in faɗi gaskiya. Inna ta fara fitowa tsakar gida. Don a tabbatar ta cinye, a waje Gwaggo ke ajiye mata kwano, mata su kewaye ta, wannan ta ce ƙara loma ɗaya, waccan ta ce saura kifin. Ana tsokanar ta tana ramawa. Rabon da in ji dariyarta haka tun ranar da gero ya tsiro. Kumatunta suka ciko. Sai na riƙa gaya wa kaina wataƙila likitar ta cika tsanani ne, wataƙila ma Gwaggo ce ke da gaskiya, tunda ita ta san nama.

Saura kwana goma aiki muka koma asibiti da sakamakon gwajin jini. Gwaggo ta sha ɗaurin kallabi na zuwa biki. Ma'aikaciyar jinya ta ɗora Inna a sikeli, ta duba, ta sauke ta, ta bubbuga sikelin da ƙafa, ta sake ɗora ta. Sannan ta rubuta.

Likitar ta karanta takardun, ta cire tabarau ta bar shi yana lilo a ƙirjinta.

Gwaggo ta zungure ni. “Gaya mata kilo goma sha ɗaya. Ba allura, ba ƙwaya. Gaya mata ta yanka yadda take so, akwai rara.”

Na gaya mata. Muryata kamar ta sauro.

Likitar ta daɗe tana kallon Gwaggo. Sannan ta yi magana, ni kuma na shiga juyawa, jimla bayan jimla, kamar mai karanta hukuncin kansa. Sukarin Inna ya haura sosai. Naman da za a ɗauko daga ciki a kai ƙirji da 'yan ƙananan jijiyoyi yake rayuwa, in sukari ya yi yawa ba ya kamawa, yana iya yin baƙi ya mutu, ɗinkin ciki ma yana iya buɗewa. Ba za ta yi aikin ba. In nan da wata huɗu nauyi da sukari sun sauka, za ta sake dubawa. In ba su sauka ba, a haƙura.

Sai ta juyo gare ni ta tambaye ni wani abu.

Gwaggo ta ce, “Me ta ce?”

A nan ne na gane tafinta ba shi da wurin ɓuya. Na ce, “Ta ce ina takardar da ta ba ni.”

“Wace takarda?”

Na buɗe littafin lissafi. Takardar tana nan a shafin da na bar ta, har ta ɗauki shatar zanen kusurwa. Na karanta da Hausa: kada ta ƙara ƙiba, ta rage zaƙi da mai, tafiya da ƙafa kullum.

Tunda nake ban taɓa jin Gwaggo ta yi shiru mai tsawon wannan ba. Har ƙarar fanka na ji. Can ta ce, a hankali, “Ludayi huɗu.” Ta dube ni. “Ashe ludayin nan magana ce.”

Ta tashi ta fita, ba ta jira mu ba.

Ni da Inna muka fito muka zauna a wani benci da ke kallon ruwan lagun. Na riga na fara kuka tun daga matakala. Na ce mata ni na jawo, ni na hana ta aikin, ta dake ni in tana so. Ta bar ni na gama, sannan ta miƙo mini bakin mayafin nan ruwan toka na share hanci.

Ta ce, “Shekara ashirin ina sayar wa matan Treichville atamfa. Kullum sai wata ta ce mini kada in ba ta mai manyan furanni, yana sa ta ƙiba. Kina tsammani ban san ‘kada ki yi ƙiba’ da Faransanci ba?”

Na daina kukan don mamaki.

“Na ji ta sarai. Ina jira ki faɗa, ke kuma ashe kina jira in faɗa.”

“To me ya sa kika ci?”

“Wa ke ce wa Yaya a'a?” Ta ɗan yi murmushi, sannan murmushin ya tafi. “Kuma tsoro nake ji. Wancan karon da suka kwantar da ni, na farka na tarar sun ɗauke wani abu. Da matar nan ta zana layin nan daga ƙugu zuwa ƙugu, sai wancan karon ya dawo mini. Na ce a raina in na ƙoshi da fura aka fasa, ba ni na fasa ba.” Sai ta ƙara da cewa, “Alokon ma da daɗi.”

Ban san inda na samo ƙarfin halin ba, na tambaye ta, “Inna, kina son aikin ko ba kya so? In ba kya so, ni zan gaya wa Gwaggo.”

Ta dube ni sama da ƙasa. “Ke? Za mu tara ludayi na biyar kenan.”

Ta juya tana kallon jiragen ruwan da ke ɗaukar mutane zuwa Plateau, unguwar ofisoshi. Sannan ta ce, “Da likitar ta ce ba za ta yi ba, na zaci sanyi zan ji. Sai na ji kamar an rufe mini rumfa da kwaɗo. Ina so. Tsoron yana nan, amma ina so in ɗaga hannuna a kasuwa ba tare da na tuna da gero ba.”

Mun tarar da Gwaggo a bayan banɗaki, zaune a kan turmi tsakanin ragunanta, kallabin bikin a cinya, idanunta ja. Ba ta ɗago ba ta ce, “Da na kashe matar ƙanena da fura.”

Inna ta durƙusa ta ce, “Yaya, ni ma na ji abin da likita ta ce ran nan. Shiru na yi.”

Gwaggo ta dube ta, ta dube ni. “Wato gida guda na kurame nake ciyarwa.” Ta face hanci, ta ɗaura kallabinta. “Kawo takardar. Fito tsakar gida ki karanta da ƙarfi, mai aloko ma ta ji.”

Sau uku ta sa na karanta, a gaban ɗaki tara. Duk inda muryata ta yi ƙasa sai ta ce, “Ba a ji ba a bakin famfo.”

Kun san mai kiwo ya san abin da ke sa kitse, ya kuma san abin da ke zubar da shi. Da irin zafin da Gwaggo ta kiwata Inna, da shi ta shiga ramar da ita. Fura ta koma ba sukari. Aka daina sayo garba. Kwaɗon zogale safe da yamma, har Inna ta ce in ta yi atishawa ganye ne zai fito. Mai aloko in ta doso da faranti, Gwaggo ta tare ta a ƙofa ta karɓa ta cinye a tsaye, wai don kada a yi asara.

Sai tafiya. Bayan sallar asuba mu fita mu uku daga Adjamé, mu ratsa Plateau ma'aikata suna sauka daga motoci, mu hau tsohuwar gada mu tsallaka Treichville. Inna a gaba, ni a gefe da jakar lakwal, Gwaggo a baya da lema a naɗe kamar sandar makiyayi. In Inna ta rage sauri sai ta ji, “Hai, gaba.” A sati na biyu Gwaggo ce ke haki, tana cewa gadar nan an ƙara mata tsawo.

A bakin kasuwar Treichville tafiyar ke ƙarewa, daga nan ni in hau mota zuwa lakwal. Farkon kwanakin Inna tana tsayawa tsallaken titi, ta ja mayafi ta juya. Daga baya ta fara tsallakawa ta tsaya a bakin ƙofa. Wata rana na ji tana tambayar wata mai tura kaya ko an kawo sabon zane. Ban ce komai ba, amma wannan shirun mai kyau ne.

Da wata huɗu suka cika, sikeli ya koma inda yake, sukari ya sauka. Gwaggo ma ta zubar da kilo shida ba da niyya ba, ta ce likitar ta biyo ta bashin nama. Aka sa rana.

Da safe aka shiga da Inna, ba a fito da ita ba sai bayan la'asar. Mahaifina ya zauna da carbi, ya ci goro ya fi na sati. Aka fito da ita da robobi biyu masu janye ruwa daga ciwon, cikinta a naɗe, an tanƙwara gadon don kada ɗinkin ya ja. Ma'aikatan jinya suna zuwa a kai a kai su duba launin sabon wurin, su taɓa da bayan yatsa su ji ɗuminsa. Likitar ta ja mini kunne: kwanakin farko su ne masu haɗari, ban da su kada kowa ya taɓa, kada a danna, kada a matsa. Ta maimaita, tana kallona ta saman tabarau.

Rana ta biyu ana canza bandeji Gwaggo ta matso ta leƙa. Ta ce, “Ikon Allah. A nan aka sa kiwona?” Sai na ga hannunta ya tashi. Na san wannan hannun. Babban yatsa da manuni sun buɗe, idonta ya fara lumshewa.

“Gwaggo, kada ki taɓa!”

Ɗakin gaba ɗaya ya juyo, har matar gadon ƙarshe da ke barci. Ni kaina na waiga in ga wa ya yi maganar. Hannun Gwaggo ya tsaya a iska. Ta mayar da shi ƙugu, ta dube ni, ta ce wa Inna, “Kin ji? Har bakin famfo an ji wannan.”

Inna ta ce kada mu ba ta dariya, ɗinki zai ɓalle.

Naman ya kama. Sati biyu tana tafiya a duƙe kamar mai neman allura, sannan ta miƙe. Ba zan ce muku ya koma kamar na da ba. Akwai tabo, wurin ba ya jin taɓi sosai, sai da aka sake wani ɗan ƙaramin gyara daga baya. Ita dai cewa take cikinta ne ya samu ƙarin girma ya hau bene. Tawul ɗin nan ya sauka daga madubi, ban ga ranar da ta cire ba, ni da nake ganin komai.

Ran da ta koma rumfa, Asabar ce, na raka ta. Mai ciniki ta farko ta nuna wani turmi can sama, shuɗi mai zanen tsuntsaye. Inna ta miƙa hannu biyu ta sauko da shi. Ta warware, ta yi ciniki, ta naɗe. Da matar ta tafi, ta cire babban mayafin ruwan toka ta miƙo mini, ta yafa wani ɗan ƙarami. Ta ce, “Kai gida, zafi yake sa ni.”

Har yau ba ni da yawan magana. A aji in malami ya kira ni sai na ji kunnuwana sun yi zafi. Amma matan gidanmu in za su asibiti ni suke nema, don an san ba na rage komai. In likita ya faɗi goma, goma nake juyawa, ko da wadda na rako tana magana, ko da za ta harare ni. Kafin mu fito kuma nakan tambaye ta, ita kaɗai, abin da ita take so. Da na ɗauka kunya ba ta cutar da kowa sai mai ita. Na ga tawa a sikeli.

Gwaggo tana nan da ragunanta. Duk baƙuwar da ta zo daga gida ta ce Inna ta yi kyau, sai Gwaggo ta nuna ƙirjin Inna da haɓa ta ce, “Kiwona ne.” Inna ta ce, “Haka ne, Yaya.” Ludayin kuwa uku na mayar. Na huɗun yana cikin jakata ta lakwal. In na ji wata magana ta maƙale mini a wuya, sai in sa hannu in taɓa shi.